Takardar da Ta Zo Daga Bakin Kwara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Daga ɗiyarka Juwairiyya, a Ƙofar Atiku cikin birnin Sakkwato, zuwa ga kawuna abin girmamawata, Malam Abdulwahabu, mazaunin Ikko a bakin teku. Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Allah Ya ƙara maka tsawon rai mai amfani, Ya kiyaye ka daga sharrin baƙunta da cututtukan bakin ruwa, Ya sa ƙafar nan da ta wahalar da kai ba ta sake tashi ba.

Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna, ƙanwarka, tana nan da sauƙi, in ban da idonta na hagu da ya ƙara yin hazo. Har yanzu ba ta yarda a kaɗa mata zare, da lalube take yin kaɗinta, kuma ya fi na masu ido biyu kyau. 'Yata Dijatu ta kai Tabaraka a allo, ƙanenta Siddiƙu kuwa ya fara tafiya, babu tukunyar da ta tsira daga hannunsa. Damina ta yi albarka bana. Gero ya yi, shinkafar fadama ma ta yi, sai dai gulbin Rima ya cika ya ci gonaki kaɗan na mutanen ƙetare. Matan da ke zuwa karatu wurina sun kai goma sha huɗu yanzu, har da tsohuwar nan mai sayar da daddawa da ke tsokanarka ta kan katanga.

Bayan haka, Kawu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne godiya da neman gafara, kuma ban san wadda zan fara gabatarwa ba. Ka tuna shekara uku da suka wuce, da ka zo ganin gida kurkunu ya kama ka a ƙafa, ka kwanta wata biyar a ɗakin da ke kusa da rumbunmu. Ni ce mai wanke maka ƙafar da naɗe tsutsar a tsinke kowace safiya. Don ka manta da zafi, sai ka riƙa ɗaukar gawayi kana zana mini haruffan Turawan da ka yi wa tafinta, a jikin bango. Na karɓa ne don kada in ɓata maka rai kana majinyaci. A zuciyata kuwa ina cewa me zan yi da rubutun da ke tafiya daga hagu kamar mai ja da baya. Ranar da maƙwabta suka fara cewa gidan malamai ya koma makarantar Nasara, na ɗebi ruwa na wanke bangon kana barci. Da ka farka ka duba, sai ka nemi wani gawayin. Wannan wankin bango shi nake neman gafararsa yau.

Cikin duk abin da ka koya mini, babu wanda ya gajiyar da ni kamar babin aikin da ya shige. Da farko na ɗauka abu ne mai sauƙi, don ka ce a liƙa wa kalma ɗan wutsiya, “walk” ta zama “walked”, shi ke nan an yi tafiyar an gama, kamar fi'ili mali a nahawu. Ina murna, sai ka fito mini da waɗanda kake kira masu taurin kai, waɗanda ba su karɓar wutsiya sai dai su sauya kama gaba ɗaya: “go” ta koma “went”, “come” ta koma “came”, “take” ta koma “took”. Na ce maka mutanen nan ba su da tsari, ka yi dariya har ƙafar ta motsa ka yi ƙara, ka ce in je in duba fi'ilai mu'utallai na Larabci a littafin sarfu kafin in zagi harshen wasu. Daga nan ka kai ni inda ake sa “was” a gaba, kalmar kuma ta ƙare da “ing”. Ka ce wannan aiki ne da ake cikin yi a da, mai magana bai faɗi ko an kammala shi ba. Sannan “had”, wadda ke nuna abin da ya riga ya auku tun kafin wani abin ya zo. Kwana nawa ka yi kana sa ni in bambanta “yana cin abinci da na shigo” da “ya riga ya ci kafin in shigo”. Da za ka tafi ka bar mini waraƙa shida da rubutun hannunka. Na sa su a ƙarshen gafaka, ban sake buɗewa ba sai jefi-jefi.

To, ga abin da ya faru. Farkon bazarar bana maigida ya ɗaure jar fata ya nufi ƙasar Nufe, shi da abokinsa Arzika, mijin Lailatu da muke katanga ɗaya. Ka san tare suke fatauci tun suna samari. Sun ce za su komo kafin ruwa ya sauka sosai. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari, shiru. Wata ranar Talata da hantsi, gero ya kai ƙugu, sai ga wani bafataken goro mai suna Yari ya yi sallama a zaure yana neman Malam Ladan, wan maigida. Ya ce a kasuwar Yawuri wani mai kanwa ya ba shi takarda, shi ma mai kanwan daga hannun wani mai kwalekwale ya karɓe ta. Maganar da ta biyo takardar daga baki zuwa baki ita ce jirgi ya kife a Kwara da mutum biyu 'yan Sakkwato. Ya ce don ya tabbatar, ya nuna ta ga wani mutum a Yawuri da ya taɓa aiki a jirgin Turawa, mutumin ya duba ya ce ya ga sunaye biyu, ya ga kogi, ya ga kalmar mutuwa.

Kafin azahar gida ya cika. Surukata, Gwaggo Iyatu, ta zube a bakin ɗakinta, ko kuka ba ta iya yi ba. Ta can gefen katanga ina jin muryar Lailatu. Mata suka kewaye ni, wata tana kwance mini kitso, wata tana cire mini awarwaro, ana shirin shigar da ni takaba. Ni kuwa kamar an ɗauke mini ji. Ban san daga inda maganar ta fito ba, sai na ji bakina yana cewa a kawo mini takardar in gani. Wata ta ce baƙin ciki ne ya taɓa ni. Inna ce ta tsawatar, ta ce a kawo mata abin da ta nema, ai da ita aka yi zaman bango.

Da aka miƙo mini ita sai na ga ta sha ruwa a hanya. Rabinta na ƙasa tawada ta narke ta zama baƙin tabo, layi uku na sama kaɗai suka tsira. Na shiga ɗaki na ciro waraƙunka, na zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ina bin haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ka yafe mini rubuta sunan maigida, haka yake a takardar. Layin farko ya ce Attahiru mutumin Sakkwato “was dying” lokacin da mutanensu suka ciro shi daga kogi. Na karanta sau uku. Na nemi “died” ban gan ta ba. Layi na biyu ya ce abokinsa Arzika “had drowned” kafin su iso. Na ukun ya fara da “he” sai tabo ya cinye saura. Kawu, a wannan lokaci muryarka na ji kamar kana kwance a ɗakin nan, kana cewa kada in ɗora wa kalma kayan da ba ta ɗauko ba.

Na aika aka gaya wa Malam Ladan ina son magana da shi. Ya shigo shigifa, ni ina bayan asabari. Na ce masa takardar ba ta ce ƙanensa ya mutu ba, ta ce an same shi yana bakin mutuwa. Ya ce ai duk ɗaya ne. Na ce ba ɗaya ba ne, shi da ke karantar da nahawu ya fi ni sanin tazarar da ke tsakanin “maata” da “kaana yamuutu” a Larabci, kuma wanda ya ce ya iske mutum yana nutsewa bai ce ya nutse ba. Sai ya yi mini magana mai nauyi amma cikin taushi. Ya ce shi bai san waɗannan haruffa ba, babu kuma wani a birnin nan da zai kira ya gaskata ni ko ya ƙaryata ni, kuma ni mai so ce, mai so kuwa yakan ga abin da zuciyarsa ke nema. Na ce gaskiya ne, shi ya sa ban ce yana da rai ba, don takardar ba ta faɗi haka ba a inda ake iya karantawa. Abin da na sani shi ne marubucin ya san yadda ake faɗin mutuwar da ta tabbata, ya kuma faɗe ta a layi na biyu, bai faɗe ta a na farko ba.

Sai ya tambaye ni, to Arzika fa? Na ce Arzika ya rasu, takardar ta faɗa ba tare da shakka ba, ruwa ya riga ya ci shi kafin masu ceto su zo. Sai Malam Ladan ya ce da zuciya ce ke karatun, da ta ceci su biyun. Ya fita zaure ya gaya wa jama'a cewa game da Arzika labari da takarda sun haɗu, sai a yi masa addu'a. Game da ƙanensa kuwa sun saɓa, ba zai sa mace takaba a kan shakka ba, ba kuma za a taɓa kayansa ba sai an sami tabbas.

Abin da ya fi yi mini ciwo a wannan rana bai zo ba sai bayan la'asar. Lailatu ta shigo ta ƙofar baya, ido a kumbure, ta durƙusa gabana ta kama gefen zanena. Ta ce ta ji an ce akwai wani ɗan wutsiya da ya ceci mijina, in ƙara dubawa don Allah, ko nata ma yana da shi ban lura ba. Kawu, na duba. Na san abin da ke wurin, amma na duba, na bi haruffan a gabanta har ƙarshe. Na ce mata babu. Ta gyaɗa kai, ta ce ta gode da ban yi mata ƙarya ba, ta tashi ta koma gida ta shiga takabarta. Da na san ranar da ilimin nan zai sa ni faɗin wannan kalma ga maƙwabciyata, ban san ko da na zauna gaban bangon ba.

Daga nan aka shiga jira, kwana sittin da biyar. Ba zan ɓoye maka ba, sun fi mini ranar farko wuya. A unguwa wasu suna cewa na ƙi takaba ne don ba na son rabuwa da kwalli da lalle. Wasu suka ce rubutun Nasara ya fi mini maganar Musulmi. Mata biyar suka daina zuwa karatu. Duk wannan bai dame ni ba kamar maganar Gwaggo Iyatu. Ta kira ni ɗakinta ta riƙe hannuna, ta ce, ɗiyata, kin tashe ni tsaye, in kika bari na sake faɗuwa ba ni tashi. Kullum bayan sallar asuba sai ta sa in karanta mata layin farko, in fassara, ta ce in maimaita wurin “yana”. Ni kuwa ina daka ina tunanin tabon nan. Me ya hana a ce “died” tana kwance a ƙarƙashinsa? Mutum yana iya kasancewa bakin mutuwa da safe, ya cika da yamma, marubuci ya faɗi duka biyun bi da bi. Na ɗaga takardar ga rana ya fi sau ɗari ko zan hango wani harafi, ban ga kome ba. Na rame har Inna ta fara yi mini faɗa a kan abinci kamar ƙaramar yarinya.

An gama yankan gero ana ɗaurin dammuna, ranar Alhamis da la'asar sakaliya, ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ji hayaniya daga wajen ƙofar gari tana matsowa. Ban tashi ba, don na sha tashi a banza. Sai na ji Malam Ladan, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, yana kabbara a zaure kamar mai kiran salla. Maigida ne, a kan jaki, cikin ayarin masu tufafi daga Ilori. Ya rame ƙwarai, gemunsa ya yi furfura, hannunsa na dama a lanƙwashe ya manne da ƙirji. Gwaggo Iyatu ta fito ba mayafi, ta riƙa shafa fuskarsa da tafin hannu biyu tana kiran sunan da take kiransa da shi yana yaro. Ni dai ina nan zaune da rariya a hannu. Aka kawo masa ruwa ya ƙi sha. Ya ce sai ya fara zuwa ƙofar gidan Arzika. Ya je ya tsaya daga waje ya yi wa Lailatu ta'aziyya, ya gaya mata inda aka binne mijinta, da cewa Musulmi ne suka yi masa salla, sannan ya dawo ya sha ruwan.

Bayan ya huta kwana biyu ya ba mu labari. Jirginsu ya daki dutse ne a tsakiyar ruwa. Ya riƙe Arzika da hannu ɗaya har igiyar ruwa ta maka shi da dutsen, hannun ya karye, daga nan bai ƙara sanin kome ba. Ma'aikatan wani ɗakin ciniki na Turawa da ke bakin kogin su suka tsamo shi. Magatakardan wurin, baƙin mutum ne daga Saliyo, ba Musulmi ba, shi ya kwantar da shi a ɗakinsa wata uku, yana ba shi kunu a baki, yana nemo masa mai ɗori, har yakan juya masa shimfiɗa ta fuskanci gabas in lokacin salla ya yi. Ranar da hankalinsa ya komo, akwai kwalekwalen da zai tashi zuwa arewa a wannan sa'a, ba lokacin aikawa gari neman malami, shi kuma ba hannun rubutu. Magatakardan ya ce shi Turanci kaɗai ya iya, wa zai karanta a Sakkwato? Maigida ya ce masa ya rubuta kawai, akwai mai karantawa a gidansa. Maigidan nan nawa, Kawu, shi ne wanda bai taɓa ce mini uffan a kan karatun nan ba, ko yabo ko zargi, har na ɗauka bai san ina yi ba. Abin da tabo ya cinye kuwa, cewa aka yi bai mutu ba, yana cin abinci, zai taso in ruwa ya janye.

Don haka na gode, Kawu. Na gode da haƙurinka da ɗaliba mai gardama, na gode da gawayi na biyu. Ba don kai ba da na yi takabar mai rai, da an raba kayansa, da ban san halin da zai iske mahaifiyarsa ba. Malam Ladan da kansa ya ce in rubuta maka cewa ya janye maganar da ya faɗa maka a zaure shekara uku da suka wuce, ya ce kai ka san wace ce. Cikin matan da suka bar karatu huɗu sun dawo. Lailatu ta fita takaba, yanzu kusan kullum tare muke yini, ita ke yi wa Dijatu kitso. Ka sa ta cikin addu'a, ita da marayunta uku.

Ina da roƙo guda. A cikin wannan takarda za ka ga wata ƙarama, layi biyar ne na godiya da na haɗa da Turanci zuwa ga magatakardan nan. Kwana tara na yi ina fama da su. Ka duba ka gyara, musamman kalmar bayarwa, don gara ta ci gefen waraƙa ta huɗu daidai wurin. Na rubuta “gave”, zuciyata tana gaya mini tana cikin masu taurin kai, amma ban tabbata ba. Maigida bai iya faɗin sunan mutumin daidai, sai dai ya ce dogo ne mai tabo a goshi, kuma duk masu jirgin da ke hawa Kwara sun san shi. In ka sami amintacce mai zuwa can, ka haɗa shi da takardar da matashin fata ja da na ba madugun da zai kawo maka wannan saƙo. Takalman da ke cikin ƙunshin naka ne, an yi na dama da faɗi saboda ƙafar. In da hali kuma, ka sake rubuto mini waraƙa ta huɗu.

Ka gaishe mini da uwargidanka Inna Uwani da kyau, ka ce mata daddawar da ke cikin tukunyar tata ce. Ka gaishe da Tani da maigidanta, da Junaidu, da Zulaihatu da jaririnta da ba mu gani ba tukuna, Allah Ya raya shi. Inna tana gaishe ka, ta ce shekaru suna tafiya, ka zo ta gan ka tun idon dama yana aiki. Gwaggo Iyatu ta ce ba ta da abin ba ka sai addu'a, kuma ba ta fasa ba ko rana ɗaya. Malam Ladan da iyalinsa suna gaisuwa.

Maigida ya ce ba zai aiko gaisuwarsa ta bakin kowa ba. Rubutun da za ka gani a ƙasan nawa, karkatacce kamar na mai koyo, nasa ne. Da hannun hagu ya yi shi, ya ɓata takarda uku kafin ya samu, ya kuma hana ni taimaka masa.

Wassalam. Ɗiyarka mai yi maka addu'a,
Juwairiyya.
An rubuta a Sakkwato, ranar Lahadi, cikin watan Rabi'ul Awwal.

Kawu, ni ne Attahiru. Ina nan da raina. Na gode.